Waƙar da Kakata Ta Yi wa Dutsen Niƙa

Shekarun baya, lokacin ina lise, wato babbar sakandare, yayana yana da sitidiyo a Magariya. Na ce sitidiyo don haka aka rubuta a ƙofa, amma ɗaki ɗaya ne da aka manna wa kwalayen ƙwai a bango, sai kwamfuta da wani tsohon fiyano. Shi ke rubuta waƙa, shi ke ɗora kiɗa, shi ke fitar da ita da sunan ɗan kamfaninsa. Ni kuwa abinci nake kai masa, in gyara masa baiti ɗaya, in wuni ina jin kaina wata babbar marubuciya.

A lokacin ya gaji ƙwarai. Ana tsakiyar aiki kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, a zauna ana fifita. Duk mawaƙin da ya yi rainonsa har muryarsa ta nuna, sai ya tsallaka Kano, ko sallama babu. Waƙar da ya sha wahala a kanta, kafin ya juya masu cajin waya sun tura wa kowa. Har ya fara zancen sayar da kayan ya koma gona.

Bayan girbi muka je Guci gaida kakarmu ta wajen uwa. Da hantsi muka hango ta a bayan rumbu, durƙushe gaban dutsen niƙa, tana niƙa tana waƙa, ba ta san mun shigo ba. Ban taɓa jin murya irin wannan ba, kamar ruwa can ƙasan rijiya. Yayana ya ɗaga mini hannu in yi shiru, ya kunna rikodar wayarsa.

Da muka dawo ya ɗora wa waƙar garaya a hankali, ya bar gurzar dutsen a matsayin ganga. Wani mai rarraba waƙoƙi a Damagaram ya ji kaɗan ta waya, ya ce wannan ce za ta ta da kamfanin. Ranar na ga dariyar yayana da na daɗe ban gani ba.

Mahaifiyata ce ta saurara ba ta yi murmushi ba. Ta ce, “Ku kai mata ta ji kafin duniya ta ji.”

Muka koma Guci. Kaka na ganin yayana ta ce, “Angona, yau ma hannu rabbana? Miji ba ko goro?”

“Tsohuwa, na kawo miki abin da ya fi goro.”

Ya kunna. Ta karkata kunne, ta fashe da dariya. “Wace mai muryar akuya ce wannan kuka samo?” Sai waƙar ta kai inda take kiran wani suna sau uku. Dariyar ta tsaya.

Sunan kawunmu ne, ɗanta na fari, wanda ya tafi arewa neman aiki tun muna ƙanana, ba a sake jin labarinsa ba. Mun san sunan sarai. Daɗin murya ne ya mantar da mu cewa mace irin kaka ba ta ambatar ɗan fari, balle ta nuna kewarsa.

“Kashe,” in ji ta. “Tun da na haife shi bakina bai kama sunan nan a gaban mutum ba. Ranar da zai tafi ko ƙofa ban raka shi ba. Dutse na faɗa wa, don dutse ba ya kai magana kasuwa.”

“Kaka, sai in cire sunan,” in ji yayana.

“Ka cire, duk Guci ba su san wa nake kira ba? A ji ni a teburin mai shayi, a ce na tsufa na zubar da kunya?”

Ni da iyayina na fara cewa ai irin wannan waƙa gado ce, bai kamata ta ɓace ba. Ta dube ni ta ce, “’Yar lakwal, ’yar boko, gadon wa?”

A gabanta yayana ya goge ta wayar. Da muka iso Magariya ya goge ta kwamfutar, ya nemi ruwa ya sha.

Kamfanin bai tashi ba, bai kuma mutu ba. Har yau yana nan yana jan ƙafa da waƙoƙin biki da tallan rediyo, furfura ta fito wa yayana tun lokacinta bai yi ba. Kaka ta rasu, injin niƙa ya shigo unguwarsu, dutsen yana jingine ana ɗora ƙwarya a kai.

Na daɗe ina jin haushin asarar nan, har na gaji da jin haushin. Abin da na gane kawai, wata waƙar ba don kunne ake yin ta ba, don mai ita ya samu ya numfasa ne. Wani lokaci in na leƙa sitidiyo nakan tarar da yayana yana naɗe wayoyi yana gunjin karin a maƙogwaro. In ya kai wurin sunan sai ya yi shiru, daidai tsawonsa, sannan ya ci gaba.