Ranar da na je Maradi neman ƙawata

Shekarun baya, da aka sauƙaƙa tsallaka iyaka tsakanin ƙasashen nan namu, kowa a unguwarmu cewa yake abin zai kusanto da mutane. Ba haka ba ne. Ni dai raba ni ya yi da ƙawata.

'Yan Maradi ne, suna haya a gidan da ke jikin namu a Ƙofar Mazugal. Babanta fataucin atamfa yake yi, wahalar shige da fice ce ta zaunar da shi a Kano. Tare muka gama sakandare. Kullum da rana muna ciyayya da su, mu kai tuwo, su aiko da dambu.

Da hanya ta buɗe sai babanta ya ce, "To zaman me nake yi a nan? Yanzu da katin shaidar nan sai in karya a Maradi, in yi azahar a Kano." Suka kwashe kayansu.

Ina kuka, mahaifiyata ta ce, "Ke dai kin cika hayaniya. Maradin nan fa mota ɗaya ce."

Ba a jima ba na ɗauki kwanon tuwonsu kamar yadda na saba, har na yi sallama kafin na ga kwaɗo a ƙofa. Na tsaya a lungu kamar sakarya. A zaurenmu na tsugunna na cinye shi ni kaɗai, don kar a yi min dariya.

A waya kullum tambayata ɗaya: "Yaushe za ki dawo?"

"Ke ki zo mana, wa zai tare ki?"

Ni kuwa ba ni da haƙuri. Bayan sallah na takura wa yayana sai da ya raka ni, ban gaya mata ba, wai zan yi mata ba-zata. A iyaka aka duba katinmu aka ce mu wuce, ko zama ban yi ba.

Kakarta ce ta tarbe mu. "Ayya, 'yar nan! Ai sun wuce Lome, uban ya buɗe shago a can. Hanya ta yi daɗi yanzu, ba sa zama."

Har yau ba na jin haushin hanyar, mutane da yawa da ita suke ci. Amma wanda bai tashi ba, babu mai tambayar yadda lungu ya zame masa.

A motar dawowa na yanke shawara: na daina bin ta, na kuma daina jiran ta. In ta kira, sai dai in ce, "Yau kuma wace ƙasa?"