Shekara Ukun Baffa Iro a Garin Aljanu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Baffa Iro makwancinsa a Aujara, amma har yau in na bi ta gindin duwatsun Dutse sai ya faɗo mini a rai. Yayan mahaifina ne, makiyayi, kuma mun tashi mun tarar ana cewa gab da haihuwata aljanu suka ɗauke shi, ya yi shekara uku a wurinsu.

Shi ma bai taɓa musawa ba. Da hantsi in ana tatsar shanu sai mu kewaye shi, ya ba mu labarin garin aljanun da ke cikin dutse. Wai kowa tufafinsa iri ɗaya, ana ƙirga jama'a safe da yamma, rana kuma ta wata 'yar kafa take leƙowa. Jiya da yau duk ɗaya ne a can, kuma ba abin da ya yi kewa irin kindirmo. Mu kam jarumi muka ɗauke shi, wanda ya shiga inda ba a shiga ya fito da ƙafarsa.

Da na yi boko na sami aiki a Dutse sai kaina ya kumbura. Ranar sunan ɗana na fari a Yalwawa, a gaban abokan aikina, na ce masa cikin dariya ya bar wannan tatsuniya haka nan, kai ya waye. Mahaifina da ke gefe ya sunkuyar da kai. Baffa ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Da gaskiyarka, ɗana. Wanda bai je ba, ba zai yarda ba." Daga ranar bai ƙara ba da labarin ba.

Sai bayan addu'ar bakwai ta rasuwarsa ƙanwarsu, Goggo Hansai, ta zaunar da ni. Ta ce shanunmu ne suka shiga gonar wani manomi wajen Kiyawa, faɗa ya kaure, mahaifina ya kai masa sanda ya ji masa mummunan rauni. Lokacin mahaifiyata tana da tsohon cikina. Da 'yan sanda suka zo, Baffa ya miƙa hannu ya ce shi ne. Kunya ta hana kakarmu furta gidan yari, sai ta ce aljanu ne, manya kuma suka rufa mata. Na yi kuka ranar, kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ban ce an kyauta wa manomin nan ba, shi ma yana da hakkinsa. Amma nakan tambayi kaina me Baffa zai ce da zamanin nan, da kafin la'asar waya ta kai asirin mutum duniya. Ina jin murmushi kawai zai yi, ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bai bar garke ba, bai bar gida a birni ba. Abin da ya bari shi ne na buɗe ido na ga ubana a gida, kuma ban sami damar neman gafararsa ba. Allah ya jiƙansa. Yanzu ni ke ba 'ya'yana labarin, yadda ya ba mu. Rannan 'yar autata ta tambaye ni me ya sa aljanun suka zaɓe shi. Na ce mata wani suka zo ɗauka, shi ya ce su tafi da shi.