Dutsen Ngadimin

Tukijan ya shekara talatin yana jefa fatsa daga duwatsun bakin teku a kudancin tsibirin Jawa, kuma kowa ya shaida ya iya. Damuwarsa ɗaya ce: Ngadimin, ƙanen matarsa, ya fi shi. Tukijan ne ya koya masa ɗaura ƙugiya, amma yanzu in an hauro da hantsi, Tukijan na riƙe da 'yan ƙananan kifaye uku, Ngadimin na saɓe da ƙato kamar ɗan akuya.

"Kang Jan, na kyanwa ne waɗannan?" in ji masu zaman shagon kofi, don haka suke kiran Tukijan.

Sai ya yi yaƙe ya wuce. A gida kuwa ko tuwon rogo ba ya wuce masa.

"Ba iyawa ba ce," yake ce wa matarsa Sumirah. "Dutsen da yake tsayawa ne. A ba ni shi kwana ɗaya ki gani."

"To ka roƙe shi mana, ai ƙanenka ne."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Wata safiya teku ta tashi da fushi. Ngadimin ya leƙa, ya girgiza kai, ya tafi gona. Tukijan ya ce yau rana tasa ce. Ya gangara kan dutsen nan na Ngadimin mai santsi, ya jefa. Ba a jima ba wani abu ya fizgi zaren har sandar ta lanƙwashe. Daɗi ya sa ya ɗauke ido daga ruwa, abin da shi kansa yake hana mutane. Igiyar ruwa ta zo ta sama da kansa, ta maka shi cikin tsagin dutse, ƙafa ta karye.

Daga gona Ngadimin ya hango babur ɗin Tukijan a bakin gaɓa, ya gane ya sauka kan dutsen. Ya sheƙo da igiya, ya ɗaura a ƙugu, ya sauka ya jawo shi, ruwa na dukansu su biyun.

Ƙafar ta warke a karkace, Tukijan bai sake hawa dutse ba. Koton kamun kifi yake sayarwa yanzu. Abin da ya fi karayar ciwo shi ne duk wanda ya zo saye sai ya yabi jarumtar Ngadimin.

"Kifin da ya tsinke mini ranar nan," yakan ce, "Ngadimin bai taɓa kama rabinsa ba."

Duk Juma'a Ngadimin na aiko masa da kifi. Yakan cinye tas, ya suɗe yatsu, sannan ya ce wa Sumirah ƙaya ta yi yawa.