Baitin Makaɗa da Aka Yanke

Ban taɓa mantawa da ranar da muka shiga ɗakin ɗaukar faifai da Tanimu na Badarawa ba. Talata ce da hantsi, cikin damina, shekara uku bayan an koma tuƙi ta hannun dama. Ban yi boko ba, da irin wannan nake riƙe shekaru. Ku masu kiɗa a yanzu kun san waƙarsa ta Jirgin Safe. Kalangun da ke cikinta hannuna ne. Sunana Bawa, kuma ba za ku ji shi a ciki ba.

Shekara goma sha huɗu na yi ina yi wa Tanimu kiɗa. Ya yi tashe, tashen ya wuce. Samari suka koma wajen masu jita da ƙaho a otal-otal. 'Yan amshi suka watse da ɗaɗɗaya. Motarmu ta kife a hanyar Zariya, na bar yatsu biyu a can, na warke na dawo. Shekara shida muna bin gidajen suna a Rigasa da Kinkinau, wani gidan da tuwo kawai ake sallamarmu. Ban tafi ba.

Ga wanda bai san sana'armu ba, mawaƙi ba ya rufe waƙa sai ya gaida makaɗansa. Baitin ƙarshe namu ne. Zai kira sunanka da na garinku, kai kuma ka amsa masa da kalangu. Ba ado ba ne. Da shi mai biki yake sanin wanda zai aika a kira, da shi 'ya'yanka suke shaida cewa ubansu ya yi aiki.

Wani ɗan kwangila, Alhaji Sule, shi ya haɗa Tanimu da kamfanin faifai. Suka ƙara mana mai jita da mai ƙaho, don waƙar ta shiga kunnen samari. Mai ɗaukar sautin Mista Yohanna ne, mutumin Kafanchan. Ya yi mana bayani: in jar fitila ta kama, ba tari, ba jan takalmi, kuma gefe ɗaya na faifai ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu.

"Malam Bawa, ɗan matsa baya," in ji shi. "Kalangun nan naka yana razana mini inji."

Muka yi ɗauka ta farko. Ta yi kyau, kowa ya san ta yi kyau. Yohanna ya fito daga bayan gilashi yana duban agogo.

"Maigida Tanimu, waƙa ta fi faifan tsawo. Sai an cire baiti ɗaya. Kai za ka zaɓa."

Alhaji Sule yana da baiti uku a waƙar. Yana zaune a kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cin goro. Tanimu ya dube shi. Ni bai dube ni ba.

"A cire na ƙarshe."

"Na makaɗa ke nan fa," in ji Yohanna. "Alhaji yana da uku."

"Na san abin da na ce."

Na ce, "Maigida, baitinmu ne."

"Haba Bawa, kai ai ɗan gida ne. A faifai na gaba zan sa ka."

Fitila ta kama, na yi kiɗa. Mutane suna cewa kalangun Jirgin Safe yana da zafi. Fushi ne.

Faifan ya fita, gari ya ɗauka. A lokacin, kowace Asabar da la'asar gidan rediyo yana ƙidaya wasiƙun masu zaɓen waƙa, ya jero goma da aka fi nema, daga ƙasa zuwa sama. Jirgin Safe ta hau sama ta zauna har damina ta wuce. Shagon tela, teburin mai shayi, tasi, ko'ina hannuna nake ji. Tanimu da aka daina gayyata ya koma sai an yi layi a ƙofarsa. Faifai na gaba a Legas aka ɗauka, da gangunan Turawa. Aka ce mini ba wuri a mota.

Wannan duk na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba ya faru a wani biki a Rigasa. Ina gefe da kalanguna ina jiran a ba ni fili, sai sanƙira ya ɗaga murya yana gabatar da wani makaɗi, Audu Gajere, wai shi ne hannun da ke cikin Jirgin Safe. Audu bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar faifan nan ba. Na shiga tsakiyar fili na ce ƙarya ne, ni na yi kiɗan.

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Baba, da yatsu takwas?"

Sanƙiran ya ce, "Tanimu ba ya rufe waƙa bai gaida makaɗansa ba, kowa ya sani. In kai ne, ina sunanka?"

Audu ya yi kiɗan bikin, ni na koma gida da kalangu a kafaɗa.

Washegari da safe na je gidan Tanimu. Na jira har rana ta take kafin a shigar da ni. Yana ganina ya sa hannu a aljihu.

Na ce, "Ba maula na zo ba. An ce ranar Asabar za a yi hira da kai a rediyo. Ka faɗi sunana. Shi ke nan."

"Don wannan ka taso tun daga Kinkinau? An gama, Bawa."

Ranar Asabar na fito da rediyo ƙofar gida. Na kira maƙwabta, matata ta tsaya a zaure da yara. Tanimu ya gode wa Allah. Ya gode wa Alhaji Sule, ya gode wa kamfani, ya gode wa masu aiko da wasiƙu. Mai hirar da kansa ya tambaye shi wa ya buga wannan kalangu mai zafi.

Ya ce, "Yarana ne."

Na girme shi da shekara biyu. Maƙwabta suka tashi da ɗaɗɗaya. Ban sake taka gidansa ba, shi ma bai aiko ba.

Tanimu ba shi ne mafi mugunta a cikin mawaƙan da na sani ba. Abin da na gane shi ne, ranar da wuri ya ƙure, mawaƙi ba ya yanke wanda yake tsoro. Wanda ya tabbata ba zai tafi ba, shi yake yankewa. Tun daga lokacin ba na sa kalangu a hammata sai mawaƙi ya yarda zai kira sunana a baitin farko. Wasu sun ce na cika taurin kai, sun nemi wani. Waɗanda suka yarda na yi musu kiɗa har hannuna ya gaza. Ku ma ku nemi naku tun fitila ba ta kama ba, don in ta kama ba a sake jin bakinku.