Takardar Mota a Cikin Fata

Bayan an gama yaƙin Nasara, sojojinmu sun fara dawowa gida, motar wani ɗan kasuwa ta soma bin hanyar Buza zuwa Madawa, sau ɗaya a mako. Ni aure ya kai ni Buza, Inna kuwa tana Madawa. Ta tsufa, ƙafafu sun kumbura, tari ya ƙi barinta, kuma ni kaɗai ce ɗiyarta mace. A ƙafa tafiyar yini da rabi ce, ga duwatsu, ga goyo. Mota kuwa in ta tashi da hantsi, kafin la'asar an sauka.

Mai tuƙin, wani mai gemu mai son raha, ya fito da dabara: a biya sau ɗaya, ya ba da takarda mai hatimi, a yi ta hawa duk rani har faɗuwar ruwa. Kuɗin ya kai na akuya. Ni kuwa akuya ɗaya gare ni, mai ciki ma.

Mako biyu ina juya maganar, a bakin turmi, a bakin rijiya. Maigida ya ce, "Ƙafa kyauta Allah ya ba ki. Akuya tana haihuwa, kin taɓa jin takarda ta haihu?" Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce masa akuya ana sayen wata, uwa fa a wace kasuwa ake sayar da ita? Ran kasuwa shi da kansa ya ja akuyar.

Da takardar ta zo hannuna sai tsoro ya kama ni. Abu sakayau haka, gumi ya taɓa shi ya lalace, gara ta same shi ta cinye. Mu a garinmu rubutu mai daraja wuri ɗaya ake ajiye shi. Na kai wa baduku, ya naɗe ta, ya ɗinke cikin jar fata kamar laya, na rataya a wuya. Sau uku na hau, mai gemu bai ce in nuna ba, ya san fuskata. Sau uku na wanke wa Inna kai, na dama mata fura da hannuna. Ban yi nadamar akuya ba ko kaɗan.

Wata ranar mota da safe, wani mai jaki da ya taso daga Madawa ya tsaya ƙofar gidanmu. Ya ce, "Innarki tana gaishe ki. Jikin da sauƙi." Kowa ya san mutanenmu, ko rai na fita, "da sauƙi" za su ce. Amma ni na ɗauki maganar yadda ya faɗe ta, don haka nake so in ji.

Da na je wurin mota na iske an sauya mai tuƙi, mai gemu yana kwance da zazzaɓi. Sabon ya ce in kawo takarda. Na miƙa masa wuyana.

"Baiwar Allah, wannan ai fata ce. Buɗe in ga hatimi."

"A buɗe? Ka taɓa jin an farke laya ta ƙara aiki?"

Wallahi haka na yarda har zuciyata: in iska ta shiga, takardar ta karye, sauran tafiye-tafiyen rani duka sun tafi. Wani dattijo da ke zaune kan buhu ya goya mini baya, ya ce kada in kuskura. Mai tuƙin bai yi mini tsawa ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Har wuƙarsa ya miƙo mini, ya ce shi ma yaron wani ne, in ya ɗauki mutum babu shaida shi za a kora. Ni kuwa da taurin kai aka haife ni. Na ce yau ɗaya dai na taka da ƙafa, mako mai zuwa mai gemu ya warke. Ina tattalin zuwa goma, ban san ɗaya ya rage mini ba.

Na gyara goyo na kama hanya. Na kwana wani ƙauye, washegari bayan azahar na shiga unguwarmu. Tun daga nesa na hangi tabarmi a ƙofar gida, maza suna zaune. An kai Inna makwancinta da hantsi.

Matar yayana ce ta kama ni ta zaunar. Sai da na yi kukana ya ishe ni, sannan ta gaya mini abin da har yau nake cewa da ta bar shi a cikinta. Jiya da la'asar, da Inna ta ji kukan mota a bakin kasuwa, ta sa aka ta da ita zaune, aka ɗaura mata kallabi. Ta ce a bar ƙofar ɗaki a buɗe, ɗiyarta ta iso.