Lemon Yaya Bulus

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin Kirsimeti, a shekarar da na gama firamare, muna zaune a kan dutsen bayan gidanmu a Madakiya muna tsaga citta muna shanyawa, hannuwa na raɗaɗi, sai yayana Bulus ya ajiye wuƙa ya ɗauki ɗanyen lemon da muke ƙwallo da shi. Ya wurga shi sama, ya ce in ƙirga har ya dawo. Na ƙirga sakan biyu. Ya ce rabi na hawa ne, rabi na sauka, a can ƙoli kuma lemon yakan tsaya cak kafin ya juyo. Ya ɗan zana lissafi da gawayi a jikin dutsen, ya ce ya kai mita biyar. Ni dai na ga lemo ya fashe, an rasa ƙwallo.

Bulus yana ajin ƙarshe a sakandare, ba shi da zance sai fiziks. Makarantarsu ba ta da kayan gwaji, don haka komai na gidan ya sha jifa: lemo, gwaiba, har takalmina. Burinsa ya zama injiniya ya tayar da jiragen ƙasan da suka yi tsatsa a tashar Kafanchan, inda Baba ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ranar nan Baba ya dubi lissafin gawayin ya ce, "Bulus, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Shi kuwa ya ce, "Na yarda, Baba, amma ni zan iya faɗa maka inda zai kai tukuna." Har Mama sai da ta yi dariya.

Ya ci jarrabawa, ya yi digiri, ya yi ta yawon neman aiki har takalmi ya cinye. Jiragen ba su tashi ba. Ya dawo gona, cuta ta shiga citta ta ruɓar da ita a cikin ƙasa. Yanzu acaɓa yake yi a hanyar Kachia, kuma ina jin zafin abin har yau.

Kwanan baya na je gida, ɗansa ya wurga ƙwallo sama a kan dutsen nan, ya ce, "Dadi, ya kai mita nawa?" Na jira in ga uban ya nemi gawayi. Bulus bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Matsa gefe, zai sauko."