Hular Fitilu a Kan Gwaggo

Taubashina, ɗan farin gwaggona, tun muna yara a Burumburum ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Idan damina ta sauka zabi suka fara zuba ƙwai a gindin sabara, kowa ya tsinto tukunya yake nufa. Shi kuwa sai ya ɗaga ƙwan saitin rana, ya dunƙule hannu a kansa, ya kanne ido ɗaya, harshe a waje, wai yana so ya ga abin da ke motsi a ciki. Akwai ƙwan da ya dahu a hannunsa saboda daɗewa a rana. Ni na cinye shi, don haka ba labari aka ba ni ba.

Gwaggo mace ce mai surutu, rediyo ma sai ya saurara mata, amma a kan ɗan nan bebiya ce. Ɗan fari ne, ga shi gidan Fulani ta yi aure, sai kunyar ta ninka. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Sunansa a bakinta "wancan". Yana zaune kusa da ƙafarta, ni ina can bakin rumbu, amma ni za ta ƙwala wa kira: "Kai, ka ce wa wancan tuwo na hucewa." Ni kuma in taso da ƙasaita in isar da saƙo, in lashi miyarsa ladan aike.

Karatu ya ɗauke shi daga makarantar Kiru zuwa Kano, daga Kano zuwa ƙasar da ko rana ba ta son fitowa. Ya yi shekaru yana leƙen ƙwaƙwalwar ɓeraye da madubin da ya haɗa da hannunsa. Duk wanda ya tambaye ni aikinsa sai in ce ɓerayen Turai yake wa hidima, har da kai musu abinci a kan lokaci. Daga baya shi da abokan aikinsa suka ƙera wata hula mai ƙananan fitilu. Hasken ya ratsa ƙoƙon kai, kwamfuta kuma ta zana inda jini yake taruwa idan mutum yana tunani. Suka buɗe kamfani ya rushe, suka buɗe wani ya tsaya. Da na ce ya yi mini bayani a waya, sai ya ce, "Ƙwan zabi ne dai, taubashi. Girma kawai ya ƙara."

Ana haka mantuwa ta kama gwaggo. Ta fara zuba gishiri sau biyu, sannan ta koma tambayar mijinta da ya daɗe a ƙasa, ni kuma ta riƙa gaishe ni a matsayin mahaifina. Na kira taubashina, ranar ban yi wasa ba. Ya zo cikin damina, na ɗauko shi a Tudun Wada, akwatin hular a kan cinyarsa kamar jariri.

"Kana ganin za ta gane ni?" ya tambaya.

"Da wannan tumbin? Ni ma sai da na duba sau biyu."

Bai yi dariya ba.

Mun same ta a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ya durƙusa ya gaishe ta, kai a ƙasa kamar yadda ya saba. Sai ta dube shi ido cikin ido, ta kama hannunsa ta ce, "Sannu da zuwa, likita. Ka sha hanya." Da kanta ta zame ɗankwali ya ɗora mata hular, wayoyi suna reto har kafaɗa.

"Ni ma ina da ɗa irinku," in ji ta. Kuma ta faɗi sunansa, cikakke, da ƙarfi, har kaji suka ji.

Ya haura hamsin bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba. Ta ci gaba. Wai yaro ne mai kan gaske. Wai takan laɓe a bayan zana tana kallonsa idan yana haska ƙwai. Wai wani lokacin ita take kai ƙwan gindin sabara da sassafe don ya je ya tsinta ya yi murna. Kwamfuta tana ta zuba ja da shuɗi, shi ko waiwaye bai yi ba.

"Bokan Turai," na ce, "injinka na ta zane, ba ka kallo."

"Bar shi ya yi."

Haka ya zauna kwanakin nan a matsayin likita, tana ba shi labarin kansa, tana ɗebo masa gyaɗa, har da tambayarsa ko yana da aure. Hular dai ya faɗa mini gaskiya ba magani ba ce. Tana nuna inda hasken ya dusashe ne kawai, kuma ya ga abin da ya gani. Muna tafe a bakin gonar dawa ya ce, "Yanzu da ba ta san ni ba tana hira da ni. Ranar da ta gane ni, shi ke nan."

"To wanne kake so?"

Ya tsinki ganyen dawa ya ce, "Ina so ta gane ni."

Ana gobe zai koma, da hantsi, wata mai tallar nono ta shigo da ƙwan zabi a ƙaramar ƙwarya. Gwaggo tana tsakiyar labarin wani biki. Taubashina ya ɗauki ƙwai ɗaya, ba da wata niyya ba, ya ɗaga saitin rana, ya kanne ido, harshen nan ya fito. Ƙaton mutum mai furfura da kamfani.

Maganar gwaggo ta yanke. Ta dube shi, sannan ta jawo mayafi ta rufe gefen fuska, ta juya ta fuskanci bango.

"Kai," ta ce da ni, "ka ce wa wancan ya ajiye ƙwan mutane kada ya fasa."

Na miƙe, na gyara riga, na taka har gabansa. Na isar da saƙo kamar dā.

"An ce ka ajiye ƙwan mutane."

Ya ajiye a hankali. "Ka ce mata to."

Ya zauna a bayanta har aka kira azahar. Ba ta juyo ba, bai kuma nemi ta juyo ba.

Gwaggo ba ta ga wata daminar ba. Shi yana can, ya ce hular ta fara shiga asibitoci, yana ta alkawarin zuwa. Ni kuma duk sanda zabi suka fara ƙwai nakan ɗaga ɗaya saitin rana. Ja kawai nake gani, ba komai. Sai in kira shi in ce injina ya lalace, ya zo ya gyara. Yakan yi dariya ya ce in kanne ɗaya idon, ni kuma in ja hirar da ƙarya iri-iri don kada ya yi saurin kashe wayar.